Tusar Jakin Wuyan Inna

Tun ina yarinya na san tusar jakin nan da ke wuyan Inna, ɗan tsiro ne kamar ƙwayar dawa. Ba ta taɓa damun kowa ba sai shekarar da muka baro Gurbin Bore muka tare a Zurmi. Ta fara girma, ta yi baƙi, mayafi ya ɗan goge ta sai jini. An ɗaure ta da zare, an shafa toka da kanwa, ko gezau. Da ƙyar na lallaɓa Inna muka hau mota zuwa wani asibiti a Kaura.

Inna ba ta yarda da kowa ba a kan abin da ya fita daga jikinta. In aka yi mata kitso sai ta tsince gashin da ya zuba, in ta yanke farce sai ta binne, kada wani mugu ya samu na yin asiri. Tun a layi take hararar ma'aikatan.

Likitan ya yi mata allurar kashe zafi, ya yanke, ya ɗinke. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne daɗewar da ya yi yana duban abin kafin ya taɓa, da yadda ya lalubi ƙasan haɓarta. Sai ya jefa tsokar a 'yar kwalba.

Inna ta ce, "Yaro, mi za ka yi da naman jikina?"

"Sakkwato za mu aika a auna, Inna, don mu tabbatar ba mugun ciwo ba ne."

"Wa za shi kai shi? Hannun wa za shi hwaɗa? Ban san su ba, ba su san ni ba. Ba ni abina."

Na tambaye shi ko yana zargin wani abu. Ya ce, "Ban ce ba, Malama. Awon ne zai faɗa." Amsar ta ba ni haushi, ta kuma ba ni tsoro.

Na roƙi Inna, na yi faɗa, har muryata ta kai waje. Likitan ma ya yi iya yinsa. Ƙarshe ya naɗe tsokar a auduga ya miƙa mata, ta ƙulle a haɓar zane. A gida ta aike ni siyan gishirin da ba mu bukata, kafin in dawo ta binne. Ni ma ba ta yarda da ni ba, ta san zan tone in mayar.

Wajen ya warke, Inna ta koma harkokinta. Ni ce ban huta ba. Bayan na bar garin, duk zuwan da zan yi Zurmi, muna gaisawa idona na kan tabon. Kwanan baya ta kama ni, ta ja mayafi ta rufe wuyan.

"Ke ma kin zama likita ne, ɗiyata?"

Na yi dariya, na ce a'a. Amma na riga na ga wani ɗan baƙin tsiro a gefen ɗinkin.