Sallar da Baba Ya Cire Mana Launi

A gidanmu na Arlit, Sallah ba ta cika sai an je gidan hoto. Kashegarin idi Baba zai tasa mu gaba, ni da Inna da ƙanena, kowa cikin sabon ɗinkinsa, mu bi ta bayan kasuwa zuwa shagon wani Bakatsine mai ɗaukar hoto. Ba don kanmu ake yi ba. Hoton na Kaka ne, mahaifiyar Baba, da ke can ƙauyenmu a ƙasar Tawa. Ita ba ruwanta da hoton cikin salula, ta ce abin da ba za ta iya sawa cikin kwalla ta rufe ba, ba nata ba ne. Don haka duk shekara sai an wanke a takarda, a haɗa da shayi da sukari, a ba direban motar Tawa ya kai mata.

Kaka ba ta taɓa zuwa Arlit ba, ta kuma rantse ba za ta zo ba. Ta ce garin da ba a shuka gero, ba ta ga abin da zai kai ta ba. Baba ɗanta ne na fari, saboda haka ba ta kama sunansa, ba ta kallon tsabar idonsa, ko a waya sai dai ta ce, "Wancan yana nan lahiya?" Ni kuwa sunanta aka sa mini, shi ya sa take ce mini Takwara, Baba kuma yana ce mini Uwata. Idan hoto ya isa gare ta, ni take nema a waya ta yi mini sharhinsa tsaf: ƙanena ya yi kumatu, ɗinkina ya matse, hular Baba ta karkace.

Shagon Bakatsinen nan yana da wani labule mai zanen lambu, da koren ciyawa da ruwa yana gangarowa daga dutse. Mu da muka tashi a garin da sai ka nemi kore da gayya, labulen nan shi ne aljannar duniyarmu. Tsayuwarmu kuma ba ta canzawa. Baba a tsaye, ƙirji a gaba kamar yana jiran a ba shi lambar girma, mu yara a gabansa, Inna can gefe ta bar tazarar da akuya za ta iya ratsawa. Duk shekara mai hoto sai ya yi roƙo, "Hajiya, don Allah ki ɗan matso." Inna ta ce, "Surukata za ta gani fa, ɗauki haka nan."

A shekarar da nake ba da labari, Baba ya kwanta ciwo tun kafin azumi. Ciwon shawara ne. Mutumin da ke tuƙa ƙatuwar kamyon, motar kaya ta mahaƙar ma'adinai, ya dawo gida yana raha, sai ga shi bai iya gama kwanon kunu. Idanunsa suka yi rawaya kamar gwaiduwar ƙwai. Likita ya hana shi aiki, ya hana shi azumi, shi kuma ya kafa mana doka ɗaya: kada Kaka ta ji. Tana fama da hawan jini, ga tsufa, kuma ya san in ta ji ba za ta ƙara runtsawa ba. Idan ta kira, sai ya gyara zama ya ɗaga murya, har da dariya. Yana ajiye wayar ya jingina da bango yana haki.

Da Sallah ta zo Inna ta ce a haƙura da hoto bana. Baba ya ce rashin hoton shi ne babban tonon asiri. Muka shirya. Ni dai, in faɗi gaskiya, hankalina yana kan atamfata, shuɗiya mai furanni ruwan goro, kuma ita ce ta farko da aka bar ni na kafa ɗauri irin na 'yan mata. Tun a hanya nake jin yadda Kaka za ta yaba.

A shagon Baba ya gwada tsayuwarsa ta kullum, ƙafafunsa suka ƙi. Mai hoto ya jawo masa kujera, ya zauna. Aka ɗauka. Muka taru a gaban kwamfutarsa, hoto ya fito raɗau, atamfata sai ka ce a taɓa ta. Amma duk kyan da ke ciki, idon Baba ne ke fara kama mai kallo.

Mai hoto ya yi gyaran murya ya ce, "Alhaji, wannan ai ba matsala ba ce. Yanzu zan faranta maka idon tas, mu bar kalar yadda take."

Baba ya girgiza kai. "A'a. Tun da tsohuwar nan ta haife ni ban yi mata ƙarya ba, ba zan fara da ido ba. Cire launin dai gaba ɗaya, ka yi mana baƙi da fari."

Har yau in na tuna sai na yi murmushi. A wurin Baba, goge rawayar ƙarya ce, kwashe launin duka kuwa shiru ne kawai, kuma shiru ba zunubi ba ne. Mai hoto ya danna abu ɗaya, lambun nan ya koma toka, furannin atamfata suka mutu a gabana. Idon Baba kuwa ya yi fari kamar na mai lafiya. Na tura baki na fara ƙunƙuni, Inna ta murɗe mini cinya a ɓoye. Baba ya jawo ni jikinsa ya ce, "Yi haƙuri, Uwata. Ara mini furanninki na bana, in Allah ya kai mu baɗi sai in biya ki." Amma haushin bai sake ni ba har gida.

Hoto ya tafi. Baba har ya tanadi amsa, wai in ta tambaya a ce yayi ne, haka mutanen birni ke yi yanzu. Da ta kira, na karɓi wayar ina jiran sharhi. Ta ce, "Ya iso, an gode." Ba kumatu, ba hula, ba ɗaurina. Baba ya yi ajiyar zuciya ya ce mun tsira.

Ba a daɗe ba, wata rana bayan la'asar muna tsakar gida, Baba na kwance a tabarma, muka ji sallama da wata irin murya da ba a waya ba. Kaka ce tsaye a bakin ƙofa, da ƙunshi a ka, ƙafafunta sun kumbura don zaman mota. Wanda ya san hanyar Tawa zuwa Arlit ya san abin da tsohuwa ta sha. Inna ta ruga ta sauke mata kaya tana ta sannu. Baba ya yunƙura zai tashi ya nuna ƙarfi.

"Kwanta abinka," in ji Kaka, tana kallon bango, ba shi ba.

Ko ruwa ba ta sha ba ta kwance ƙunshin. A saman kayan akwai hotonmu, a ƙarƙashinsa kuma saiwoyin maganin shawara ne ɗaure da tsumma. Muka dubi juna. Baba ya tambaya a hankali wane ne ya gaya mata.

"Wa zai hwaɗa mini? Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima." Ta miƙo mini hoton. "Takwara, duba nan, ina hannun uwarki?"

Na duba. Sau nawa na kalli hoton nan ina jin haushin furannina, ban taɓa lura ba. Inna ba ta can gefe. Tana tsaye daf da kujerar, hannunta a kan kafaɗar Baba. Inna ta rufe fuska da mayafi.

Kaka ta ce, "Ɗiyar ga, tun da anka kawo ta gidana ba ta taɓa bari gehen zanenta ya taɓa shi gabana ba. Ran da na ga hannunta nan, na san ba lahiya. Sannan na ce, mi za ya sa mutum ya kwashe launi daga huskarshi? Wane ciwo ne launi ke tonawa in ba shawara ba?"

Sai ta yi abin da ban taɓa gani ba, Inna ma ta ce ba ta taɓa gani ba. Ta matsa ta durƙusa a gaban tabarmar, ta kama fuskar ɗanta na fari da hannu biyu, ta ja fatar idonsa ƙasa da babban yatsa, ta dube shi sosai. Ta daɗe tana kallo. Baba, mai furfura a gemu, hawaye ya zubo masa, ni ma na kama kuka ban san dalili ba.

Ta zauna da mu har Baba ya tashi. Yana shan maganin likita, tana dafa nata, tana faɗa da Inna a kan mai a miya, tana kushe garin kullum safiya. Amma tun a makon farko, idonsa bai washe ba, ta ce a kai ta wurin mai hoton nan. Ta sa na saka atamfata na kafa ɗauri. Baba ya zauna a kujera, ita ta tsaya a bayansa, a gaban lambun ƙarya. Mai hoto ya leƙo ya tambaya, baƙi da fari za a yi kamar wancan?

Kaka ta ce, "Sa launi duka, ɗan nan. Bar mini idon yadda yake, ni na haihe shi."

Shi ne kaɗai hoton da Kaka ta yi da Baba a duniya. Bayan rasuwarta an same shi a ƙasan kwallarta, yanzu yana wurina. Furannin atamfata suna nan raɗau, amma wajen fuskar Baba ya koɗe, saboda yawan shafawa da yatsa.