Agogon Amurka a Idon Maigidana

A shekarun da kuɗin mai ya fara cika aljihun gwamnati aka tura maigidana kwas Amurka. Malamin gona ne a Batsari. Ya dawo da ƙaton akwati, da baƙin tabarau, da sabuwar cuta: barcin rana.

Hantsi ya yi, rana ta take, shi yana ta minshari. Da na tashe shi sai ya ce, "Ke ba ki sani ba. Wani likita ya yi mana bayani a can. Akwai agogo a ƙwaƙwalwar mutum, har sashen da ke kula da gani yana da nasa. Nawa yana kan lokacin Amurka. Yanzu dare ne a idona."

Na ce, "To Malam, cikin naka fa? Na ga shi a kan lokacin Batsari yake."

Bai yi dariya ba.

A wurin wani suna na haɗu da matar abokin tafiyarsa, wanda tuni ya koma aiki. Ita ta ƙarasa mini bayanin likitan: hasken safiya ke saita agogon, mutum ya fita ya sha rana kawai. Wannan rabin bayanin kuwa, a jirgi maigidana ya baro shi. Ya sa na rataya bargo a taga, ko bayi zai zaga sai ya ɗora tabarau.

Damina ta faɗi. Manoman Yasore suka yi ta zuwa neman maganin tsutsa, su zauna a zaure, in aika musu da fura. Abin haushi, girmama shi suke yi. "Barcin Turawa yake," in ji su, suna rage murya. Har akawun ofishinsu ya sayi tabarau, shi da ko Funtua bai taɓa wucewa ba.

Ranar da shugaban ofishinsu ya zo duba gonar gwaji, ya tarar ciyawa ta fi gero tsayi. Da azahar ya yi sallama a gidanmu. Maigidana ya fito da shatin matashi a kumatu, ya soma zancen ƙwaƙwalwa. Mutumin ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce, "Madalla. Runka akwai haske mai kyau."

Can ƙauyen Runka aka mayar da mu da aiki. Ɗakin da aka ba mu gabas yake kallo, ko asabari babu, shanun maƙwabta kuma da sassafe suke wucewa. Kafin kasuwa ta zagayo ya warke sarai, har da ƙiba. Ni ce dai na rabu da ƙawayena da famfon ƙofar gida, na koma jan guga.