Siririn Fiton da Ya Hana Ni Ɗaukar Muryar Inna

Kwanan baya na ga wani matashi a Ƙanƙara ya haɗa kwamfutar tebur da hannunsa. Yana kunna ta sai ta ɗauki wani siririn fito kamar kukan sauro. Ya ɗan saurara, ya ce zai bi ta a hankali, ya ci gaba da aikinsa. Ni a zamanina ba ni da wannan haƙurin, shi ya sa na rubuto muku.

A shekarun da kuɗin mai suka malalo, ni saurayi ne mai ji da kansa. Na yi aikin lantarki a Legas, na zauna Abijan, na leƙa Jidda, ina jin Yarbanci da Faransanci da ɗan Larabci. Na dawo gida da kwalin kayan rikoda, na haɗa ta da kaina. Burina shi ne in ɗauki waƙoƙin niƙa na mahaifiyata, Inna, wadda ke zaune a Sabuwa. Injin niƙa ya riga ya shigo gari, mata sun jingine dutse, waƙoƙin kuma ba wanda ya riƙe su kamar ita. Na ji matan ƙasashe da yawa suna waƙar aiki, amma ban ji wadda muryarta ke tafiya tana dawowa tare da ɗan dutsen niƙa irin tata ba.

Ranar da na gwada rikodar sai ga fito, siriri, mai shiga haƙori. Na canza batura, na sake dalma, na nisanta makirfo da lasifika, yana nan, har cikin kaset. Na ɗauke ta zuwa Faskari wurin wani abokina mai gyaran rediyo, muka zazzage ta kaf, ba mu gano komai ba. Da na je Sabuwa gaisuwa hannu rabbana, Inna ta yi mini tsiya, wai baturen gida ya zo ba akwatinsa. Ta ce in kawo ta haka nan, ai dutsen ma da ƙararsa take yin waƙar, ba ta taɓa jiran ya yi shiru ba. Na ce a'a, sai ta yi tsaf kamar wadda na gani a Legas. Ta yi murmushi, ta ce Allah ya kai mu.

Damina ta sauka, hanyar Sabuwa ta yanke, mota ba ta shiga. A lokacin ne na gano matsalar: wani ɗan nannaɗin waya ne ya saki yana rawa. Ɗigon kakin zuma ya rufe masa baki. Ina jiran hanya ta bushe sai ga ɗan aike a kan keke, ya ce zazzaɓi ya kwantar da Inna, Allah ya yi mata rasuwa. Na koma ɗaki na kunna rikodar, shiru tsit, yadda na so.

Duk mai wani dattijo a gida, ya ɗauki muryarsa yau da abin da ke hannunsa, ko da fito ko da ƙara. Gyara yana iya jira. Ni yanzu ina tuna kalmomin waƙa ɗaya da rabin wata, amma muryar ta ɓace mini. Tun daga wannan damina ba a sake yin waƙar niƙa a gidanmu ba.