Kara Nasu, Taki Namu

Warin kashin shanu ne ya bugi hancina a hanyar Manchok, sai kakana ya faɗo mini a rai. Tun lokacin na kasa zama wuri ɗaya.

Duk shekara bayan girbi yakan buɗe wa shanun wani makiyayi gonarsa. Su ci karan dawa, su bar mana taki. Har yanzu ina jin ƙarar busasshen kara a bakinsu.

Shekarar da rikicin manoma da makiyaya ya ɓarke, shanun suka tattake masa citta. Ƙanin babana ya ce, "Baba, kada su sake taka gonar nan."

Tsohon ya daɗe yana murza ƙasa a tafin hannunsa. Ya ce, "Ni ma ban yarda da makiyayin duka ba, shi ma tsorona yake ji. Amma ƙasa ba ta cin fushi." Ya sa aka yi wa cittar shinge, ya aika a kira mutumin.

Yanzu tsohon ya rasu, shanun sun daina zuwa, gonar ta gaji. Ni da ɗan makiyayin muna gaisawa a kasuwar Kafanchan, kowa yana kallon gefe.

Ubangiji ya ba ka hutawa, Kaka. Mu kuma ya buɗe bakin ɗayanmu.