Ranar Da Na Mayar Da Funkason Kawu

Duk abin da tsufa zai ɗauke mini, ba zai ɗauke ranar da na tare ƙofar zaure na hana akushin kawunmu shiga gida ba.

Ƙanena tela ne a Wurno, mutum mai raha. Sannu a hankali ya fara ramewa, gudawa ta ƙi tsayawa, daga baya ya koma magana shi kaɗai, yana cewa ana leƙen sa ta taga. Dangi sunka ce iskoki ne. Ni da hannuna na yi masa rubutu ya sha, don ban raina ayar Allah ba, amma na kai shi asibiti a Sakkwato. Likita ta auna jininsa, ta ce hanjinsa ba ya jituwa da gulutin, wani sinadari na cikin alkama. Ba ta rantse shi kaɗai ya taɓa hankalinsa ba. Ta ce dai ya sha magani, ya bar alkama ɗungum, a gani. Sai na tuna duk mai zuwa dubiya da burodi yake zuwa. Da ƙauna muke ɗura masa cuta.

Ana haka anka girbe alkamar fadama. A gidanmu kawu ke sa a yi funkaso da sabuwar alkama, kowa ya ci loma don albarka, ba a taɓa mayar da shi ba. Ya zo da akushin da kansa, ga mai mota a bayansa, wai in ƙanena ya ƙi ci, aljanu ne sunka hana shi, za a kai shi gidan mai magani a sa masa mari a ƙafa.

Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, wanga abinci ba ya cin shi."

"Mi kac ce? Alkamar da munka ci tun kakanni ita ka haukata mutum? Kai da allo ga hannu!"

"Kawu, ruwa ma mai tsarki na, amma Allah ya ba majinyaci taimama."

"Kauce, ko in sa a kauda kai."

Na zauna bakin ƙofar na miƙe ƙafafu. Na ce, "Ba ya ci, ba ya zuwa. Mai sa mari ya fara da waɗanga."

Kawu ya juya da akushinsa. Har damina ta faɗi bai amsa gaisuwata ba.

Ƙanena ya zauna kan tuwon gero da shinkafa da maganinsa. Cikin ya fara tsayawa, hankali ya biyo baya, har ya koma kan keken ɗinkinsa. Ko maganin ne, ko barin alkamar, ko duka biyun, Allah shi ne masani.

Abin da na koya, fushin babba ana lallashinsa gobe. Amma ɗan'uwan da ba ya iya kare kansa, yau yake buƙatar mai zama masa a bakin ƙofa.