Dokta Naja'atu da Hannun Mero

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 11 ga Yuni, 2025, bayan la'asar, aka bugo min waya daga Makarfi cewa Allah ya yi wa Dokta Naja'atu, likitar fata, rasuwa bayan jinyar kwana tara.

Dokta, kin sha gaya min ba kya son yabo. To, yau dai ba ki da bakin hana ni.

Shekara uku ina riƙe miki kyamara a bincikenki kan ciwon nan da ke sa fata ta yi dabbare-dabbaren fari. Kin ce littattafan da kika karanta duk fatar Turawa ce a ciki, sai ka ce mu ba ma ciwo. Kika ƙudurta tara hotunan tamu fatar, kina kuma gwada wata fitila ta musamman da ake haska wa wurin sau biyu a mako.

Ba zan manta zuwanmu Hunkuyi na farko ba. Muka aika cewa ranar Asabar za a ɗauki hoton hannu. Mata goma sha ɗaya suka zo, kowacce ta sha lalle har wuyan hannu. Ni mai digiri na shiga yi musu lacca. Ke kuwa dariya kika yi har da hawaye, kika ce, "Laifinmu ne, Hafiza. Wa ke zuwa hoto babu kwalliya?" Wata guda muka jira lallen ya fita.

A cikinsu akwai Mero mai waina, wadda ke ciyar da marayu huɗu da tandarta. Tunda farin ya fito mata a yatsu aka ce kuturta ce, masu saye suka watse. Da ta ga fitilar sai ta ce, "Likita, ni da nake wuni a rana, haske za ki ba ni? Ko allura babu?"

Kika ce, "Yaya Mero, taki ranar ba ta yi makaranta ba, tawa ta yi."

Bayan wata biyar baƙi ya fara dawo mata ɗigo-ɗigo. Hotunan sun yi kyau, amma hoto ba ya sayen waina. Mero ta ce ita kam za ta kife tanda. Ranar kasuwa kika saka farar rigarki ta asibiti, kika zauna a bencinta, kika ɗaga murya: "Gutsura min da hannunki!" Haka kika dinga yi duk mako, ke da waina ke sa wa ƙwannafi. Wannan ba ya cikin rahoton da muka rubuta. Mutane suka fara dawowa, ɗaya-ɗaya, wasu suna waige.

Ranar addu'ar uku Mero ta zo gidanki da waina cike da kwano, ta shiga rabawa da hannunta. Na zuba ido in ga wanda zai noƙe. Babu. Kafin azahar kwanon ya koma wayam, ita kuma ta zauna a bakin ƙofa tana kuka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki Malam Zayyad, da 'yarki Zubaida, da matan Hunkuyi. Allah ya jiƙan ki, Dokta, ya yafe kurakuranki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Mu kuma idan tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Amin.