Turbon da Na Ɗora wa Motar Abokina

Shekarun baya, zamanin da muke sayen kati a shago mu kankare kafin mu kira gida, ina aikin canza taya da juyen baƙin mai a wani gareji da ke East Greensboro, can ƙasar waje. Kafin in zo ƙasar nan direba ne ni, kuma ba ƙaramin direba ba, in ji ni da bakina. Shekara goma sha ɗaya na yi ina jan babbar mota daga Agadas zuwa cikin hamada. A nan kuwa ba wanda ya taɓa tambayata yadda ake tsallake tudun yashi. Tambaya ɗaya ake yi min daga safe har yamma: "An gama tawa?"

A garejin na haɗu da abokina. Dattijo ne mutumin Jos, Kirista, ya ba ni kusan shekara ashirin, yana zaune da matarsa a Pleasant Garden a wani gida mai makeken fili. Ya kawo taya a gyara, ya ji ina zagin wani noti da Hausa, shi ke nan muka ƙulle. Ina ce masa Baba, matarsa kuma Anti. Shi kuwa Sarkin Yashi yake kirana don tsokana, ni kuma ina jin daɗin sunan fiye da yadda ya kamata.

A bayan gidansa akwai wata 'yar ƙaramar jif wadda ya yi shekara shida yana haɗawa da hannunsa. Ya ɗaga ta, ya sa mata manyan tayoyi, ya cire ƙofofin, ya yi mata waldar ƙarafa ta ko'ina. Ba don gudu aka yi ta ba. Aikinta hawan duwatsu a hankali, taya ɗaya bayan ɗaya, kamar jariri mai rarrafe. Tafiyar awa guda kudu da mu akwai wani daji inda masu irin wannan haukar suke taruwa, a cikinsa kuma akwai wani dutse mai hawa uku kamar matakala. Sau huɗu Baba yana gwada shi, sau huɗu motar tana tsayawa a hawa na uku. Da ƙafa minti biyu ya isa mutum ya kai sama, amma ya ƙi.

"Ta gilashin motar nan zan fara ganin abin da ke can," in ji shi. "Hannuna a kan sitiyari."

Da damina ta ja baya, wata Asabar muna zaune a inuwar motar, ya gaya min maganar idonsa. Likita ya ce hawan jinin ido ne, ganinsa yana tsukewa daga gefe, kamar mai leƙe ta cikin bututu, kuma bayan sabuwar shekara kada ya sa rai da tuƙi. Dajin nan ana rufe hanyoyinsa da shigowar sanyi, ba a buɗewa sai bazara. Ke nan makonni kaɗan suka rage masa, aiki ɗaya kawai za mu iya yi wa motar, gwaji ɗaya kuma za mu samu.

Shi ya riga ya san aikin da yake so. Giya yake so a canza mata, ta ƙara rage gudu, ta riƙa tafiya kamar ba ta so. Da na ji haka sai da na yi dariya. A hamada abu na farko da maigidana ya koya min shi ne in na tunkari tudu kada in kuskura in sassauta totur, don wanda ya sassauta a nan zai yini yana haƙa.

Na ce, "Baba, motar nan ƙarfi ne ba ta da shi. Ba bitas, wato gudu, ba numfashi. Turbo take so."

Ya ce, "Sarkin Yashi, dutse ba yashi ba ne fa. Shi slow slow yake so, sannu-sannu."

Ban saurare shi ba. Na tsuguna, na ɗauki tsinke ina zana masa a ƙasa yadda hayaƙin salansa zai juya 'yar fanka, fankar ta cusa iska cikin inji, ƙaramin inji ya koma babba. Na haɗa masa da labarin tuddan da na haye da kamiyo, babbar motar nan tawa, cike da kaya da mutane. Na yi magana har bakina ya bushe. Ya daɗe yana kallona da ɗan ganin da ya rage masa, sannan ya ce, "To, yi."

Na samo turbo a wurin masu sayar da kayan matattun motoci. Asabar uku da Lahadi uku ina ƙarƙashin jif ɗin nan, ina yanka bututu ina walda, ina waƙa. Ba zan ɓoye muku ba, tun da na sauka a ƙasar nan ban taɓa jin ni mutum ne ba sai a kwanakin nan. Ranar da muka gwada ta a titin unguwarsu, turbon ya yi fito, motar ta manna mu da kujera, muka yi ta ihu kamar ba manya ba. Anti na tsaye a ƙofa tana cewa, "Ku dai kar ku kashe min miji."

Akwai abin da na lura da shi ranar, na kau da kai. In kana tafiya a hankali, turbon ba ya yin komai. Sai inji ya ɗauki zafi ƙarfin yake zuwa, kuma gaba ɗaya yake zuwa, ba sallama.

Asabar ta ƙarshe kafin a rufe dajin muka je. Da safe ne, akwai sanyi, ganye duk ya zube. Baba ya shiga, ni na tsaya gefe ina nuna masa inda zai sa taya, tunda gefensa ba ya gani. Hawa na farko ya wuce lafiya, na biyu ma haka, ƙafarsa a kan totur kamar yana taka ƙwai. A na uku tayoyin gaba suka kama baki, motar ta tsaya tana rawa. Na ga yana lallaɓa ta, yana jira ta sami wurin kamawa. Ni kuwa sai tsohon direban nan ya tashi a cikina. Na daka tsawa, "Taka, Baba! Taka!"

Ya taka.

Na ji fiton nan. Tayoyin huɗu suka yi ta juyi a banza, motar ta yi tsalle ta dira, ƙarfen da ke juya tayar gaba ya karye da ƙara kamar an harba bindiga. Ta sulalo baya, cikinta ya daki dutse, baƙin mai ya tsiyaye. Kafin Baba ya lalubo makulli ya kashe, inji ya buga.

Ko ƙwarzane bai yi ba. Yana zaune dai, hannu biyu a kan sitiyari. Motar na rataye a karkace, dole a ɗaure ta da bishiya a sama kafin a sauko da ita. Na ja igiyar ƙarfen da ke gabanta na hau da ƙafa. Haka na riga shi ganin wurin da ya yi shekaru yana ajiye wa kansa. Da na sauko na kama hannunsa.

"Baba, don Allah zo mu hau. Minti biyu ne. Zan riƙe ka."

"A'a. Za mu gyara ta mu dawo." Sannan ya ƙara, "Kuma kar ka gaya min abin da ka gani."

Duk sanyin shekarar a bayan gidansa na yi shi. Na samo wani inji, na cire turbon na jefar, na sa giyar da ya nema tun farko. Ban gama ba sai da aka buɗe dajin. A lokacin kuwa da murya yake gane ni. Na kai shi har kujerar direba, ya tayar da ita, ya saurara, ya kashe. Na ce ni zan tuƙa, ya zauna a gefena. Ya yi murmushi ya ce, "Kai ka tuƙa, ni kuma in ga me?"

Ranar ce Anti ta raka ni wurin motata, ta faɗa min abin da gara a ce ban ji ba. Ta ce, "Ƙanena, ya san turbon nan ba zai yi ba. Tun ranar ya faɗa min. Cewa ya yi tun da ya san ka bai taɓa ganin fuskarka da haske ba sai da kake zane a ƙasa, ba zai iya kashe maka shi ba." Na zauna cikin mota na yi kuka har na rasa yadda zan tayar da ita.

Mutane suna so in ce na koyi darasi. Na koya, amma ban ga amfaninsa ba, don darasin bai mayar wa kowa da ido ba. Abin da na sani shi ne na ɗauki ilimin wata ƙasa na ɗora wa wata, don kawai ina ƙishin a ce na iya wani abu. Mutumin yana da dama ɗaya tak a duniya, ya ba ni ita don in ji daɗi, ni kuma na karɓa ban ko lura kyauta aka yi min ba. Har yau in na ji mota ta yi wannan fiton a kan titi, sai in tuna ranar nan.

Daga baya suka koma wata jiha wurin 'yarsu. Muna waya duk sati, ba ya taɓa ɗauko maganar dutsen, ni ma haka. Sai wata guda kafin rasuwarsa, muna cikin hirar sanyi, ya ce, "Sarkin Yashi, me ke can sama?"

Na gaya masa. Tuddai ne jere, wani bayan wani, har inda ido ya ƙare. A ƙasa can akwai tafki, rana ta faɗa a kansa yana ƙyalli. Iska na kaɗawa, ba ka jin komai sai ita.

Can sai na ji muryarsa a hankali.

"Ashe da na bi ka da ƙafa ranar."